Jirgin katako daga Lakwaja zuwa Ibi: a ɗora a tirela ko a bi ruwa cikin hunturun nan?

Baban Sadik, Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar. Ni da ƙanina mun haɗa kuɗi mun sayi jirgin katako a Lakwaja hannun wani Banufe, tsawonsa ƙafa 55, da inji Yamaha 75. Ƙanin nawa a Ibi ta jihar Taraba yake zaune, bakin kogin Binuwai, can zai riƙa fito da shi, doya da shinkafa da mutane. Ni ina nan Zariya. To ga shi mun shiga Janairu, ruwan Binuwai ya ja baya, ga hazo. Banufen ya ce yaransa za su haura da shi ta Loko da Makurɗi. Wani direba a Kwangila kuma ya ce a ɗora a tirela a bi ta Ankpa da Gboko a faɗa Wukari, sai dai bayan motarsa ƙafa 40 ne. Jiran damina ba zai yiwu ba, rabin kuɗin bashi ne. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya taimaka.

Abu Hanif: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka. Ni dai a ganina ka bari sai Agusta, ruwa ya cika.

Ɗan Kurmi: Ikon Allah, Bazazzage da jirgin ruwa! A Kubanni za a tuƙa ko a Galma? Ku tsaya kan rake da masara mana.

Baban Sadik, Tudun Wada: Bakano, bari in gama da wannan tukuna, zan dawo kanka. Abu Hanif, na ce ba halin jira.

Alhaji Na-Yawuri: Ka bi ruwa kanka tsaye. Mu a Yawuri da hunturu ma ruwa ƙaruwa yake yi. Abin ruwa a ruwa ake kai shi.

Malam Mai Rake, Ɗan Magaji: Ƙanina, ko a mafarki kada ka ɗora jirgin katako a mota da hunturu. Ni abin ya ci. Nawa ma bai kai naka girma ba, kuɗin gonar gadonmu na sa a ciki. Aka ɗora shi a kan tsofaffin tayu, aka ɗaure da sarƙa. Tun wurin ɗaurin na ji katako ya yi ƙara, direba ya ce ba komai. A hanya mota ta lalace, ya bar yaron mota ya ce zai nemo kayan gyara, ya kashe waya. Jirgi ya yi kwana da kwanaki a bakin titi, rana da iskar hunturu suna dukansa. Katakon da ya saba da ruwa in ya bushe motsewa yake yi. Da muka isa, tsakanin katako da katako sai ka zura ɗan yatsa, audugar da aka cusa da kwaltar duk sun zazzago. Muna tura shi ruwa ya fara sha ta ko'ina, yara na kwarfewa da bokiti, banza. Kafinta ya duba ya ce haƙarƙari biyu sun karye daidai inda sarƙa ta bi. Da na je wurin ɗan kamashon da ya haɗa mu, cewa ya yi shi mota aka ce ya samo kuma ya samo. Har yau 'yan'uwana ba su daina yi mini maganar gonar nan ba.

Maman Ummi: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Baba. Ba ku kai ƙara ba?

Malam Mai Rake, Ɗan Magaji: 'Yata, da wace takarda? Da baki aka yi ciniki.

Oga Direba, Kwangila: Malam, Allah ya huci zuciyarka, amma wannan laifin mutum ɗaya ne. Ba a ɗaure katako da sarƙa, bel ake sawa, a shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a ciki, a rufe da tamfol, duk inda aka tsaya a watsa ruwa. Aikin nan ni miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu zan yi shi, ban da kuɗin motar ɗagawa.

Sani Gas: Kai Oga, ji tsoron Allah. Dubu ɗari bakwai aka kai wa maƙwabcina injin casa har Jalingo.

Oga Direba, Kwangila: A wace shekara? Kuma injin casa yana leƙowa bayan mota?

Abu Hanif: Ni an ce mini yanzu ƙasa da miliyan biyu ba mai tayar da mota zuwa Taraba.

Malama Hadiza, Samaru: Alhaji Na-Yawuri, da girmamawa, kogin ba ɗaya ba ne. Kwara tana samun ruwa na biyu da ke gangarowa daga Gini ta Mali da Nijar, yana isowa yankinku cikin hunturu, shi ya sa kuke ganin ƙari. Binuwai ba ta da wannan, da damina take cika, daga nan sai ja baya da tudun yashi. Madatsar Lagdo ta Kamaru da ke kan Binuwai ma wajen ƙarshen damina ake sakin ruwanta, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. Sannan daga Lakwaja zuwa Ibi haurawa ne, ruwa na turo ka baya, injin kuma fetur yake sha, kowa ya san yadda fetur ya koma tun Mayun 2023. Baban Sadik, kafin komai ka leƙa ofishin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, hedikwatarsu a Lakwaja take, ka yi rajista, ka sayi rigunan ruwa, kuma kada yaran su yi tafiyar dare.

Alhaji Na-Yawuri: Malama, ni a bakin ruwa aka yanke mini cibiya. Ke kin taɓa riƙe gora?

Malama Hadiza, Samaru: Ban taɓa ba, Alhaji. Kai ka taɓa shiga Binuwai?

Maman Ummi: A yi haƙuri. Duk cikinku mai rake ne kaɗai ya yi asara, shi ya kamata a saurara.

Oga Direba, Kwangila: To shi ma ai bai bi ruwan ba, Hajiya, bare ya ce ya fi.

Baban Sadik, Tudun Wada: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ba wanda ya ce komai kan ƙafa 15 da za su leƙo bayan mota. Kuma in jirgi ya hau yashi babu kaya a ciki, mutum huɗu za su iya turo shi?

Ɗan Kurmi: Ka yanke ƙafa 15 ɗin ka yi benci, ka sayar a Sabon Gari.

Oga Direba, Kwangila: Leƙowar da sauƙi, jan ƙyalle ne da tafiyar rana. Abin da zai cinye ka masu tsayawa a hanya ne. Suna ganin kaya ya fi mota tsawo shi ke nan, kasuwa ta buɗe. Wasu ko kaki babu, katako mai ƙusa kawai suke jefowa gaban taya.

Sani Gas: Wannan gaskiya ne. Na ɗauko doya daga Zaki Biam, rasit kala-kala har aljihu ya cika, wani ma hatiminsa bai bushe ba. Ka nuna na baya a ce wannan na wata ƙaramar hukuma ne.

Malam Mai Rake, Ɗan Magaji: Motar tawa tana kwance a lalace ma sai da aka zo karɓar kuɗin tsayuwa.

Abu Hanif: Shi ya sa doya ta gagari talaka a Zariya. Sani, nawa ka biya gaba ɗaya kafin ka iso Lafiya? Ina so in gwada da abin da direbana yake kawo mini a rubuce, don na fara zarginsa.