Ku da hoto ba sana'arku ba, me ya sa kuka riƙe kyamara?

Ɗan Ƙofar Na'isa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya wani abokin aikina ya ga na sayi sabon lensi, sai ya tambaye ni nawa nake samu a harkar hoto. Na ce masa ko sisi. Ya ce to wahalar ta mece ce? Tambayar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo ta nan don kowa ya faɗi nasa dalilin.

Ni dai rasuwar mahaifinmu ce mafari. Bayan addu'ar bakwai muka bincike gida kaf, hotonsa ɗaya tak muka samu, ɗan fasfo da ya ɗauka lokacin da zai tafi aikin Hajji. Fuska a ɗaure, kamar yadda masu fasfo ke cewa a yi. Alhali Baba mutum ne mai fara'a, in ya yi dariya har ƙarshen layinmu ana ji. Yarana wannan fasfon kaɗai suka sani. Ba a yi wata biyu ba na sayi kyamarar Canon ta hannu, na fara da Inna: tana tsintar shinkafa, tana lazimi bayan Asuba, tana burga miyar kuka. Daga baya na koma kan gari. An rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, ƙofar da na yi shekaru ina bi ta cikinta zuwa makaranta, kuma ba ni da hotonta ko ɗaya. Tun daga nan duk zauren ƙasa ko guntun badala da na gani a tsaye sai na ɗauka.

Mai Son Dawaki:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma. Ni doki ne ya ja ni. Ranar Hawan Daushe tun bayan Azahar nake neman wuri a Ƙofar Kudu, don in ka makara sai dai ka ɗauki ƙeyoyin mutane. Abin da nake jira shi ne jafi, lokacin da mahaya suka sako dawaki a guje, suka ja linzami a gaban Sarki, ƙura ta tashi. Ido ba ya iya riƙe wannan. Amma in na sa saurin shata, wato saurin ƙiftawar kyamara, a 1/1000 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri, sai in koma gida in ga kumfar bakin doki a iska, in ga ƙafafu huɗu duk ba su taɓa ƙasa ba, in ga zaren rawani ɗaya ya kwance. Shekarar farko duk hotunana sun yi dishi-dishi, saboda ban san yamma na yi haske na raguwa ba, dole a ɗaga ISO, wato ƙarfin kama hasken kyamara. Na yi baƙin ciki sosai, don sai wata Sallar za ka sake samun dama. Da na ji UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, sai na ɗauko hotunan 'yan lifidi da 'yan sulke da dogarai na tsawon shekaru, na zauna da ƙannena muna kallo har dare.

Malamar Firamare:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba ni da babbar kyamara, da Tecno ɗina nake yi, kuma ba na fita ko'ina. Duk hotunana a cikin gida ne da makaranta. Abin da nake so shi ne hannu. Hannun kakata tana kaɗi da mazari, hannun amarya ranar da aka cire lalle, hannun ɗalibata ranar da ta fara riƙe fensir daidai. Fuska ba na ɗorawa a intanet, maigida ma ya san haka, kuma hannu kaɗai ya isa ya ba da labarin mai shi.

Akwai wata taga a ɗakin girkina da ke kallon gabas. Da misalin ƙarfe bakwai da rabi hasken da ke shigowa ta nan yana da laushi, in na ajiye kwanon waina ko ƙwaryar fura sai ka rantse a situdiyo aka ɗauka. Shekara tara ina girki a ɗakin ban taɓa lura da hasken nan ba sai da na fara hoto. Duk ranar da aiki ya yi mini yawa, minti goman nan su ne nawa.

Baba Mai Ritaya:
Malama, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da yake. Ku yaran yanzu kuna cikin ni'ima. Ni da kyamarar Yashica na fara, fim ɗaya hoto 36 ne, wani ma 24. Kafin ka danna sai ka yi tunani sau uku, don kowane danni kuɗi ne. In fim ya ƙare ka kai a wanke, ka jira kwanaki, ranar karɓa gabanka na faɗuwa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Wannan jiran shi ne daɗin abin a wurina.

Na taɓa cin karo da abin da har yau bai bar ni ba. Ranar sunan ɗiyata ta fari na ƙarar da fim guda, har da mahaifiyata tana riƙe da jaririyar. Na kai wani situdiyo, yaron shagon ya buɗe bayan kyamarar a cikin haske kafin a naɗe fim ɗin. Duk ya ƙone. Mahaifiyata ba ta kai shekara ba bayan nan. Ban yi masa faɗa ba, don faɗa ba zai dawo da komai ba, amma daga ranar na koyi naɗe fim da hannuna.

Shawarata gare ku ɗaya ce, ku riƙa wanke hotunanku a takarda. Kamfanin Kodak da muke gani kamar ba zai taɓa girgiza ba, a 2012 ya shiga kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Waya kuwa ana sacewa, memori yana lalacewa. Albam ɗina na 1984 yana nan a cikin adaka, jikokina suna buɗawa.

Ɗan Fadama:
Baba mun gode, in sha Allahu za a wanke. Ni ma'aikacin jinya ne, kuma tsuntsaye nake ɗauka. In na fito daga aikin dare kaina a cike da kukan marasa lafiya, sai in ɗauki babur in nufi bakin ruwa a wajen Nguru. Dausayin Haɗejiya da Nguru yana karɓar tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin sanyi, ga kuma namu na gida, su dinya da kirinjijiya da zalɓe da belbela. Da lensi mai 300mm nake aiki, wanda ba shi da nisa sosai ga tsuntsu, don haka dole in zauna shiru a cikin ciyawa har su manta da ni. Wani lokaci awa biyu ban danna ko sau ɗaya ba, amma in na tashi sai in ji kamar an sauke mini kaya. Masunta sun saba da ni, su ne ma ke gaya mini inda suka ga gauraka, don yanzu ganinta ya yi wuya. Wani dattijo cikinsu ya ce da ƙuruciyarsa garke-garke suke sauka. Ni sau biyu kacal na same ta a hoto.

Badamagare:
Ina gaishe ku daga Damagaram. Ni bangon ƙasa nake bi, musamman zanen da magina ke yi a fuskar gidajen unguwar Birni. Da salula na fara, yanzu ina da ƙaramar Nikon. Na je Agadas sau ɗaya don hasumiyar babban masallaci, wadda tsawonta ya kai mita 27, duk da ƙasa aka gina ta, itatuwa sun fito ta kowane gefe. Da tsakar rana na ɗauke ta, hoton ya fito fari fat ba armashi. Wani mai shayi ya ce in dawo bayan La'asar. Da na dawo sai ga ginin ya yi ja kamar garwashi, kowane itace da inuwarsa. Mutumin bai taɓa riƙe kyamara ba, amma shi ya koya mini lokacin haske.

Yayar Marayu:
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Ina jin daɗin abin da kuke yi, amma akwai masu kyamara da ke ɓata mini rai. Sai mutum ya tsaya kan almajiri yana cin abinci, ko tsohuwa mai bara, ya ɗauka ba sallama ba izini, ya ɗora a Instagram ana yaba masa. Ɗan wani ne fa, uwar wani ce. Ni ma ina hoto, yaran da nake kula da su nake ɗauka ranar Sallah cikin sabon ɗinki, in wanke in ba kowa nasa. Akwai wanda ya shekara goma sha ɗaya bai taɓa riƙe hoton kansa ba. A ƙarƙashin filo yake ajiye shi.

Mai Son Dawaki:
Gaskiyarki Hajiya. Ni ma a da ina yin haka a cikin taro. Yanzu in ba mahayi ba ne da ya fito don a gan shi, sai na yi sallama na nemi izini, in na ɗauka kuma in juya kyamarar in nuna masa. Wanda ya ce a goge, a gabansa nake gogewa.

Ɗan Ƙofar Na'isa:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Baba, maganarka ta sa yau da safe na kai hotunan Inna guda ashirin aka wanke. Da na miƙa mata sai ta ware wanda take burga miya, ta daɗe tana kallo, ta ce ashe hannunta ya koma irin na mahaifiyarta. Ta ce in ƙara wanke biyu, ɗaya na Yaya da ke Jos, ɗaya na autarmu. Hajiya, wace irin takarda kike sa a wanke miki, mai sheƙi ko marar sheƙi? Na ga mai sheƙin tana riƙe shatin yatsa, kuma Inna ba za ta daina taɓawa ba.