Tambaya ga tsofaffin sojoji: me sabon hafsa zai fi riƙewa kafin a damƙa masa filatun?

Ɗan Sundimina:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Sundimina a ƙasar Birnin Kudu. Bana Allah ya nufa na gama NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, aka maƙala mini anini ɗaya a kafaɗa, aka sa ni cikin sojan ƙasa masu yaƙi a ƙafa. Yanzu haka ina gida ana ta girbin gero, kafin in wuce Jaji kwas ɗin ƙananan hafsoshi, daga nan kuma sai inda aka tura ni.

Karatu kam an ɗura mana. Ƙa'idojin yaƙin da muka gada daga tsarin Ingila suna kaina: ka zaɓi manufa ka tsaya a kanta, ka tara ƙarfi inda ya dace, ka shammaci abokin gaba, ka tsare kanka kada a shammace ka, ka kula da ƙwarin gwiwar mutanenka. Amma abin da ke hana ni barci shi ne filatun, wato mutum talatin da 'yan kai da za a ce ga su nan, naka ne. Waɗansunsu suna Borno tun ina aji ɗaya a sakandare, kuma kowannensu yana da uwa kamar tawa.

Tambayata biyu ce. Cikin duk abin da aka koya mana, me ya fi tsayawa da mutum ranar da harsashi ya fara tashi? Na biyu, wannan tsari da aka gina don runduna ta fuskanci runduna, yana da sauran amfani a kan mutanen da ke zuwa a kan babura su buga su koma daji? Da tsohuwar zuma ake magani, shi ya sa na kawo kukana nan.

Tsohon Samanja, Sumaila:

Wa alaikumus salam. Yallaɓai, a haife na haife ka, amma anininka ya wuce igiyoyina, don haka yallaɓai zan ce. Ta Daffo na Zariya, inda ake horar da kuratan soja, na shiga, na yi Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Afirka ta Yamma, yanzu noma nake yi. Na riƙe wa sababbin laftanoni filatun da dama, ga abin da na gani.

Minti na farko bayan an buɗe muku wuta ba naka ba ne. Babu mai jin muryarka a lokacin. Abin da jikin yaro ya saba da shi a atisaye, shi zai yi. Ya ruga 'yan taku, ya zube, ya ja ciki ya bar inda ya faɗi, ya duba, ya saita, sannan ya harba. Jan cikin nan kada ka yarda kowa ya raina shi, domin inda aka ga ka faɗi, nan za a auna a jira ka ɗago kai. Idan ba ka sa su sun maimaita wannan har ya gundure su ba tun kuna sansani, to ranar ba abin da za ka iya ƙara musu.

Abin da ya fi wuya, wanda a filin atisaye yake zuwa da sauƙi, shi ne gano inda harbin yake fitowa. A Jaji abokin gaba yana da tuta, a sunƙuru ba shi da ita. Yaro mai tsoro sai ya danna kunama bai ga kowa ba. AK-47 harsashi 30 take ɗauka a magazin, idan aka sake ta gaba ɗaya, cikin kamar daƙiƙa uku ta ƙare. Lissafa da kanka, yallaɓai, minti nawa filatun zai yi kafin ya koma riƙe sanduna. Saboda haka kofur-kofur ɗinka uku, masu riƙe da sassan nan uku na kamar mutum goma-goma, su ne dukiyarka. Su za su ce wane ya harba, ina, harsashi nawa.

Sannan tafiya da wuta. Ba a motsa kowa sai wani yana danne kan abokin gaba da harbi. Kamar mai hawan giginya ne, ba ya ɗaga ƙafa ɗaya sai ɗayar ta kama. Sashe ɗaya da babbar bindiga mai jigida su riƙe su a ƙasa, wani sashen ya zagaya ta gefe, na uku yana hannunka don abin da ba ka zata ba. Kai kuma wurinka bayan sashen gaba, inda za ka ga ƙasa ka ga mutanenka. Na ga matasan hafsoshi masu zuciya suna tsere zuwa gaba suna harbi don kada a ce sun ji tsoro. Zuciyar tana da kyau, amma da zarar ka sa ido a bakin bindiga, mutum talatin sun rasa mai yi musu tunani. Masu harbi kana da su. Mai rediyo da taswira da ikon cewa a bi ta hagu, kai kaɗai ne.

Idan kun ci wurin, nan ne haɗari ya fi yawa. Kowa ya gaji, waɗansu na murna, waɗansu na dube-duben abin da aka bari. A nan ake dawo muku. Ka zaunar da sassa su fuskanci kowace kusurwa, sajanka ya ƙirga mutane da harsashi, a kula da masu rauni, ka sanar da kwamandan kamfani, wato rukunin sojan da filatun ɗinka ke ƙarƙashinsa. Sai an gama wannan ake shan ruwa.

Manjo mai ritaya, Ringim:

Ƙanena, barka da fitowa, Allah ya sa albarka. Duk abin da Samanja ya faɗa na sa hannu, sai dai zan ja shi kaɗan a wuri ɗaya. Atisaye yana fitar da ku daga minti na farko. Daga minti na biyu zuwa gaba, abin da zai cece ku shi ne ko mutanenka sun san dalilin fitowarsu.

Tsarin ba da umarni da aka koya maka, wato yanayin ƙasa, halin da ake ciki, manufa, yadda za a aiwatar, kayan aiki da abinci, sai shugabanci da sadarwa, kada ka ɗauke shi haddar jarrabawa. An jera shi ne don mutumin da bai yi barci ba kada ya manta da wani abu. A cikinsa kuwa, manufa ce uwa. Kada ka ce "za mu kama tudun can" ka yi shiru. Ka ce "za mu kama tudun can domin motocin kamfani su wuce gadar lafiya". Idan rediyo ya mutu, ko kai ka faɗi, kofur ɗin da ya san dalilin zai ga cewa tudun ba shi da amfani idan ana harbin gadar daga wani wuri, ya gyara da kansa. Kai ma haka za ka nemi sanin nufin kwamandan kamfaninka da na kwamandan bataliya, hawa biyu sama da kai.

Lokaci kuma ka raba shi uku, ka ci kashi ɗaya wurin shiri, ka bar wa na ƙasa kashi biyu. Ka share ƙasa, ka zana wurin da toka da tsakuwa da kara, kowa ya tsuguna ya gani, sannan ka tambayi farabiti mafi ƙanƙanta ya maimaita maka. Idan ya kasa, a sake.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi damuna. E, tsarin yana aiki, amma babin da matasa ba sa so shi ne ya fi aiki, wato tsaron sansani. Mutumin da ke kan babur ba shi da gaba ba shi da baya, saboda haka kai ma sansaninka ba shi da baya. Ramuka su kewaye ko'ina, kowane rami yana iya kare na kusa da shi da wuta, a sami layi na biyu a ciki idan na farko ya karye. Kowa cikin raminsa da shirinsa kafin ketowar alfijir da kuma gab da magariba, kullum, ko an yi wata shida ba a ji ko tari ba. Kuma kada ku zauna a jira. Sintiri ya riƙa fita, ba ta hanya ɗaya ba, ba a lokaci ɗaya ba, domin mai dasa nakiya al'adarku yake karantawa. Wanda ya san abin da ya faru a Metele ta jihar Borno cikin Nuwamba 2018, inda aka auka wa sansanin bataliya har kwamandanta ya rasu, ba zai ɗauki haƙa rami aikin wahala ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta.

Abu na ƙarshe, wanda ba na wasa da shi: wanda ya ajiye makami ya ɗaga hannu, da mai rauni, da farar hula, amana ne a wuyanka. Yarjejeniyoyin Janeba na 1949 sun hau kan Najeriya, kuma tun kafin su addininka ya hana. Ranar da aka kashe maka yaro, sauran za su kalli fuskarka su ga me ka yarda da shi. Ka yanke wannan hukunci tun yanzu da kake zaune a gida, kada ka bari sai ranar.

Malamin tarihi, Haɗeja:

Ni ban taɓa sa kaki ba, alli nake riƙewa, amma ku ba ni dama in sa baki, domin maganar Samanja tana cikin tarihinmu.

A Fabrairun 1903, bayan Turawa sun ci Kano, rundunar Kanawa ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta haɗu da wata 'yar ƙaramar ƙungiya a Kwatarkwashi. Laftana ne ke jagorantarta, Wallace Wright, da mutum arba'in da 'yan kai. Suka yi sahu mai kusurwa huɗu, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Dawakin Kano suka yi ta kawo hari ba su fasa sahun ba, Waziri ya yi shahada a wurin. Jarumtaka ba ta gaza ba a ranar, kakanninmu sun nuna ta, kamar yadda Sarki Muhammadu ya nuna a nan Haɗeja a 1906.

To a Fabrairun 1906 ɗin, a Satiru kusa da Sakkwato, irin wannan runduna ce, da irin bindigoginta, ta je wa talakawa masu gatari da fartanya. Aka auka musu kafin su gama haɗa sahu, dawakai suka ruɗe, aka kashe Turawa uku da sojoji sama da ashirin. Abin da aka yi wa mutanen Satiru bayan nan ta'asa ce da har yau take ci mini rai. Amma ga mai koyon aikin soja, ya dubi bambancin da ke tsakanin ranakun nan biyu: 'yan mintoci ne na shiri.

Maganar Manjo kuma ta tuna mini da Uhudu. Maharba hamsin aka ajiye a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi bn Jubairu, aka ce kada su sauka ko an ci ko ba a ci ba. Da mafi yawansu suka ga kamar an gama suka sauka, Khalid bn Walid ya zagayo da dawakai ta nan. Kuma aya ta 102 a Suratun Nisa'i ta koyar da yadda ake salla a fagen daga: kashi ɗaya na salla, ɗaya na tsaro da makamansu. Ɗana, idan lokacin asuba ya zo muku a sansani, kana da hujjar raba jam'i biyu.

Manomi daga Doguwa:

Mu da muke gefen dajin Falgore mun ga sojoji iri-iri. Yallaɓai, abu ɗaya zan roƙe ka. Mu ne muka san wanda ya sayi buhun burodi da jarkokin fetur ranar kasuwa alhali ba shi da shago. Muna so mu faɗa, tsoro muke ji. Idan mutum ya kawo maka labari, kada ka gaishe shi da fara'a a bainar jama'a, kada motarka ta tsaya a ƙofar gidansa. Ku za a canza muku wurin aiki, shi yana nan da iyalinsa. Ka fara zuwa wurin mai gari, yaranka su biya kuɗin abin da suka ɗauka ko rake ne, kada su faɗa cikin gida inda mata suke ba sallama. Wanda ya yi mana haka, ko motsin kaza aka yi a dajin sai ya ji.

Ɗan Sundimina:

Allah ya saka muku da alheri, na kwafe duka a littafina. Baba Samanja, saura guda. Idan na je na tarar sun saba ba sa shiga rami da asuba, ni kuma baƙo ne yaro, ta ina zan fara ba tare da sun ɗauke ni mai neman suna ba?

Tsohon Samanja, Sumaila:

Ta wurin sajanka za ka fara, yallaɓai, ku biyu, ba a gaban yara ba. Ka tambaye shi yadda ake yi a nan da dalilin da ya sa, ka saurara har ya gama, wataƙila akwai abin da ba ka sani ba. Sannan ka gaya masa abin da kake so, ka bar shi ya ba da umarnin da bakinsa. Kada ka taɓa gyara masa a gaban kofur.

Washegari kai za ka riga kowa tashi, da hular kwano da komai, ka bi ramuka ɗaya bayan ɗaya. A kowane rami ka tsuguna ka leƙa ta inda mai ramin yake leƙawa, ka tambaye shi daga wace bishiya zuwa wace bishiya ce tasa, wa ke damansa, wa ke hagunsa. Inda ciyawa ta rufe masa gani, a sare ta a ranar. Naka ramin kai za ka haƙa. Ka duba ƙafafunsu da ruwan gorarsu, ka ci abinci bayan sun ci, wanda kuɗinsa ya maƙale ka bi masa har ofishin bataliya. Za su yi gunaguni mako na farko, kada ka kula, kuma kada ka ɗaga ko rana ɗaya, domin ranar da ka ɗaga ita za su riƙe. Kafin ka tafi Jaji ka biyo ta Sumaila idan da hali, akwai yadda ake ɗaure jigidar harsashi kada yashi ya shige ta, wannan sai da hannu zan nuna maka.