Talauci da ciwon zuciya: shawarwarin da aka tattara

An fi nanata cewa illar talauci ga zuciya taruwa take yi, tun mutum yana ciki. Wanda aka haifa bai kai kilo 2.5 ba ya fi fuskantar hawan jini idan ya girma, don haka ya riƙa awo da wuri. A gida mai cunkoso, kada a raina ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ga yaro. In ba a ba shi maganin kashe ƙwayar cuta ba, yana iya lalata ƙofofin zuciya.

In awon hawan jini ya tsaya a 140/90 ko sama, a ga likita. Matsalar da aka fi gani: kuɗi ya ƙare, a ajiye magani, jinin ya sake hawa ba alama. Gara a nemi mai araha. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana.