Cin amana ne ko neman tsira? Tambaya kan shugabannin gabashin Tibet

Mai_Karatun_Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina bin tarihin yadda sojojin Mao, shugaban Kwaminis na Sin, suka shiga Tibet, kuma wani abu ya tsaya mini a rai. Ngabo Ngawang Jigme, gwamnan da Lasa, fadar gwamnatin Tibet, ta tura Chamdo a gabashin ƙasar, ya miƙa wuya ranar 19 ga Oktoba 1950, ko mako biyu ba a cika ana yaƙi ba. Bayan wata bakwai, ranar 23 ga Mayu 1951, shi ya jagoranci sa hannu a yarjejeniya mai sharuɗɗa 17 a Bejin, wadda ta sa Tibet ƙarƙashin Sin. Daga nan sai muƙami bayan muƙami, har ya mutu a 2009. Da na ƙara tonawa sai na tarar ba shi kaɗai ba ne, sarakuna da manyan malaman Buda da dama sun tsallaka. Yaya mutanen da addini ya ratsa jininsu za su bi 'yan gurguzu? Tsoro ne ko kwaɗayi? Malamai, a warware mini.

Tsohon_Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka ce an ci amana, fara tambaya: amanar wa? Ɗauko taswira. Yankunan Kham da Amdo na gabashin Tibet, inda yawancin mutanen nan suke, galibinsu ba sa hannun Lasa a lokacin. Tun sulhun 1932, kogin Drichu ne iyaka tsakanin Lasa da Sin a Kham. Gabas da shi Janar Liu Wenhui na Sin ne ke mulki, a lardin da aka kira Xikang. Amdo kuwa wani janar ɗin Sin, Ma Bufang, ne ya danne mafi yawanta daga birnin Xining, da haraji da bakin bindiga. Sarakunan wurin sun shekara da shekaru suna lallaɓa wannan, suna kai wa wancan gaisuwa, don a bar musu ƙasarsu.

Kuma kada ka ɗauka Khamawa na mutuwar son Lasa. Jami'an da ake turo musu kan tilasta su ba da dawakai da 'yan dako kyauta. A 1934 ma gidan Pandatsang, manyan fataken ulu, sun ɗauki makami a kan Lasa ɗin.

To sai ga 1949. A Satumba Xining ta faɗi hannun 'yan Kwaminis, bayan Ma Bufang ya tsere (a Saudiyya ya ƙare rayuwarsa). A Disamba Liu Wenhui da kansa ya koma ɓangaren Kwaminis, daga baya har minista ya zama. Idan mai dubban sojoji ya yi haka, me kake so hakimi mai mahaya ɗari biyu ya yi? A ganinsa wani sabon janar ne daga Sin, irin waɗanda ya saba gani suna zuwa suna wucewa.

Ba_A_Rufe_Ni ya amsa:

Malam, da girmanka, kada a yi musu wanka da ruwa ɗaya. Akwai waɗanda suka shiga da zuciya ɗaya tun kafin a ga alamar nasara. Geda Tulku, malamin Buda na gidan ibadar Beri, ya ƙulla abota da Zhu De, kwamandan sojojin Kwaminis (Jan Soja), tun 1936, lokacin Doguwar Tafiyarsu ta gujewa abokan gaba, sa'ad da suke cikin yunwa. Geda ɗin ne Kwaminis suka aika ya lallashi Lasa, ya mutu a Chamdo a Agusta 1950. Phuntsok Wangyal, ɗan Batang, ɗan gurguzu ne na gaske, shi ya kafa wa Tibetawa jam'iyyarsu ta Kwaminis. Sannan ga kuɗi. Sojojin Mao sun zo da dalolin azurfa da ake kira dayan, suna biyan hayar dabba da kuɗin sha'ir lakadan, abin da jami'an Lasa ba su saba yi ba. Masu sarauta aka ba su kujerun kwamiti da albashi.

Ngabo ɗin naka kuma daban yake. Shi jami'in Lasa ne, ba sarkin kan iyaka ba. Amma ka tuna, da aka buga wa Lasa rediyo daga Chamdo ana neman umarni, ministocin suna wurin liyafar shaƙatawa. Na kasa yanke masa hukunci, ban kuma wanke shi ba.

Uwar_Ɗaki ta amsa:

Ƙanena, duk kun tsaya a 1951, alhali labarin yana gaba. Ku dubi Wangchen Dondrub, shugaban Nangra a Amdo. Ya ƙi miƙa wuya, aka yi ta aika masa manzanni fiye da sau goma, har da manyan malamai. Xi Zhongxun, babban jami'in Kwaminis kuma mahaifin Xi Jinping, shi ya dage a bi shi da lalama. Ko da soja suka ci ƙasarsa a 1952 ya sauko daga duwatsu, ba a kashe shi ba, shugabancin gunduma aka ba shi. Dabarar ke nan: a bar wa kowa rawaninsa har a gama shimfiɗa hanyoyin mota.

Da hanyoyi suka kammala sai magana ta canja. A 1956 aka fara ƙwace filaye da karɓe bindigogi a gabashin Kham, bindigar da Bakhame ke ɗauka kamar hannunsa. Nan take aka yi bore, jirage suka yi wa gidan ibadar Lithang ruwan bama-bamai. A 1958 Amdo ta kama da wuta, kuma da yawa cikin masu albashin nan aka kira su "taron ƙaro ilimi" aka kulle ƙofa. Wasu 'yan kwamitin jiya su ne suka hau dawakai suka shiga daji. Phuntsok Wangyal da ya kawo sojojin har Lasa, shekara 18 ya yi a kurkuku daga 1960.

Mai_Karatun_Dare ya dawo:

Na gode, Malam, na gode Yaya. Na ɗauko taswirar, sai yanzu na ga Derge da Batang da Lithang duk suna gabas da kogin, ni da nake zaton ƙarƙashin Lasa suke. Amma Ngabo bai sake ni ba. Wanda ya yarda da su tsakani da Allah ya sha shekara 18 a ɗaure, wanda aka kama a fagen yaƙi ya tsallake boren Lasa na 1959, ya tsallake rikicin Juyin Al'adu na Mao, ya haura shekara 90 a kan kujera. Wa zai ba ni labarin abin da ya yi a Lasa a Maris 1959?