Duwatsu masu kama da icce sun fito bayan gonarmu, wani na son saye

Ɗan Illo:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin ƙasa ku taimaka min. Akwai wani kwazazzabo bayan gonar babanmu nan wajen Illo, ƙasar Bagudo, bana ruwa ya zabtare gefe guda sai ga wasu abubuwa sun fito kamar gungumen icce, har da ɓawo da zanen nan na cikin icce, amma in ka ƙwanƙwasa dutse ne zalla ga nauyin tsiya. Tsofaffi sun ce tun suna yara suna ganin irinsu, wasu ma da su sunka kafa murhu. To yanzu wani mutum ya zo da mota ya ce a tara mishi buhu-buhu zai biya, samari har sun fara haƙa. Mi ne ne wannan abu, kuma a sayar ko a bari?

Malam Na-Gwandu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Icce ne na gaske, ba kama ba ce. Itatuwa ne da ruwan gulbi ya kayar ya binne cikin rairayi tun zamanin dainaso, sama da shekara miliyan 66 ke nan, sai ruwan ƙasa mai ɗauke da sinadarin silika ya yi ta tsatsafowa cikinsu yana maye gurbin iccen kaɗan-kaɗan har ya koma dutse bai canza siffa ba. Masu nazarin duwatsu ma sunan garinku sunka sa wa wannan shimfiɗar ƙasa, kamar yadda akwai ta Gwandu da ta Gundumi da ta Dange da ta Kalambaina. Kuma daga baya teku ne ya malalo yankin Sakkwato ta cikin inda Sahara take yau, shi ya sa dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina cike yake da ƙwaryar dodon koɗi da dangoginsa na teku. A ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban teku mai kamar kada, a 1972 masana daga Italiya sunka raɗa mishi Goronyosaurus, sunan nan shi ke cikin littattafan duniya har gobe. Ni dai ina roƙonku da girman Allah kar ku sayar.

Abu Kamba:
Malam ka yi haƙuri amma da sauƙin faɗi. Mutane na fama da tsadar taki da abinci, dutse na kwance banza wani ya kawo kuɗi, ka ce a bari saboda wa? Ai ko an kwashe yana nan duniya, ba ƙonewa zai yi ba.

Malam Na-Gwandu:
Abu na ji ka, kuma ban raina halin da ake ciki ba. Amma ba dutsen kaɗai ake karantawa ba, wurin da yake kwance ake karantawa, wace shimfiɗa ce ta rufe shi, mi ke ƙarƙashinsa, ina kansa ya fuskanta, ko akwai ƙashi ko haƙori kusa da shi. Da wannan ake gane shekarunsa da inda ruwa ya bi da irin dajin da ya taɓa rufe ƙasar Kabi. Ranar da anka farfasa shi anka cusa buhu, ya zama takardar da anka yage daga littafi, ba mai sanin inda ta fito. Taki in ya ƙare baɗi a sayo wani, wannan in ya tafi ba masana'antar da za ta sake yin shi. Kuma mai motar nan abin da zai ba ku bai kai kashi kaɗan na abin da zai samu ba in anka goge anka sayar a matsayin kayan ado.

Inna Kwatarkwashi:
Ɗana ka ji maganar Malam. Mu nan Zamfara mun ga irin haka da gumakan yumɓu na mutanen da, 'yan tsakiya sunka zo da kuɗi, anka yi ta tonon ramu, kaya sunka haye Turai, mu anka bar mu da ramu da gonaki lalatattu, yau ɗan makaranta in yana son ganinsu sai hoto a intanet. Ku duba Nijar kusa da ku, ƙasusuwan dainaso da anka tono a hamadar Agadas suna tsaye a gidan tarihi na Yamai, yara na shiga suna kallo da idonsu. Mi zai hana a ga iccen Illo a gidan tarihin Kanta na Argungu?

Malam Na-Gwandu:
Abin yi yanzu ƙanena, ɗauki hoto yana inda yake, ka aje tsabar kuɗi ko takalmi gefensa don a ga girmansa, ka sa waya ta riƙe ma wurin a taswira amma kar ka watsa shi a Facebook. Sai ku je wurin hakimi ya tsawatar a dakata da haƙa, a kai hotunan sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Ɗan Illo:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Inna. Na karanta wa baba, ya ce gobe bayan azahar za mu wurin hakimi, kuma a gonarshi dai ba mai sake sa diga. Waɗanda samari sunka riga sunka ciro fa Malam, a mayar da su kwazazzabon ko a aje gida har masanan su zo?