Muhawara: DataFrame ya isa ya wakilci fayil ɗin Excel?

Sani: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni a ganina duk mai rubuta manhajar da za ta karanta xlsx, wato fayil ɗin Excel, ba ya buƙatar dogon tsari. Layuka ne da ginshiƙai. A zuba su cikin DataFrame, wato teburin bayanai na pandas (kayan aikin sarrafa bayanai a harshen Python), a yi aiki, a mayar da su cikin fayil ɗin. Ware wa shafi, hoto da jadawali kowanne nasa tsarin, wahalar da kai ne kawai.

Malam Idrisu: Wa alaikumus salam. Sani, sauya ƙarshen sunan fayil ɗin zuwa .zip ka buɗe tukuna. Tun Excel 2007 abin da ke ciki tarin fayilolin XML ne, wato rubutu mai alamomin da ke tsara bayanai, bisa ƙa'idar ECMA-376. Jerin shafuka na xl/workbook.xml, kowane shafi na xl/worksheets. Yawancin rubutu ma ba a shafin yake ba, yana sharedStrings.xml, gurbi (cell) kuwa lambar matsayinsa kawai yake riƙe da ita. Kwanan wata kuma lamba ce zalla: 45292 shi ne 1 ga Janairu 2024, kuma styles.xml ne ke sa ya fito a matsayin kwanan wata. Ka yar da wannan fayil, ka yar da ma'anar lambar.

Hajiya Rabi: Malam ya bar babban, wato hoto. Ɗauki mai atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi da ke da jerin kaya, kowane layi da hoton zanensa. Hoton da aka ɗora a kan shafi ba a cikin gurbi yake zaune ba. Shi kansa yana xl/media, drawing1.xml ne ke faɗin inda aka kafa shi, fayilolin .rels kuma su ke ɗaure shafi da zane, zane da hoto. Kafawar iri uku ce: twoCellAnchor mai riƙe kusurwa biyu, oneCellAnchor mai kusurwa ɗaya da girma, sai absoluteAnchor da babu ruwansa da gurabe. Ma'aunin EMU ne, 914400 a inci ɗaya. To ƙanena Sani, ka jera layukan bisa farashi a pandas, wa zai gaya wa hotunan su bi? Babu. Ba su ma shiga DataFrame ɗin ba balle su fita.

Sani: Hajiya, mutum nawa ke sa hoto? Yawancin masu shago a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi jimillar ciniki suke so a ƙarshen wata.

Mumuni: A nan ina bayan Sani. In karantawa kawai za a yi, a fitar da lissafi, pandas ta wadatar. Sharaɗi ɗaya: a ba ta dtype=str, wato ta ɗauke su a matsayin rubutu, a ginshiƙin lambobin waya da na MoMo (asusun kuɗi na waya), in ba haka ba sifirin farko na 024 ko 054 zai iya tafiya. In kuma za a fitar da CSV (fayil na rubutu zalla) don Excel, a rubuta da tsarin haruffa na utf-8-sig, don kada ƙ, ɗ da alamar sidi, kuɗin Ghana, su rikiɗe.

Malam Idrisu: Mumuni, ai Sani cewa ya yi "a mayar", nan ne rigimar. Jadawali na gaskiya, wato Table na Excel, yana da fayil nasa, table1.xml, mai ɗauke da iyakarsa, misali A1:F200, da sunayen ginshiƙai. Ka ƙara layi hamsin ba ka gyara iyakar ba, fomular da ke kiran jadawalin da suna ba za ta ƙirga su ba, kuma ba za a ga wani gargaɗi ba. Wannan ya fi ba ni tsoro, don kuɗin mutane ne. In kuma sunan ginshiƙi ya saɓa da abin da ke gurbin kan ginshiƙin, Excel zai ce fayil ya lalace, sai an gyara.

Sani: To a yi da openpyxl mana, kayan aikin Python na fayilolin Excel, ita ai ta san jadawali da hoto.

Hajiya Rabi: Ta sani, kuma wannan shi ne tsarin da ka ce wahala ne. Amma ita ma da iyakarta. Ba ta lissafa fomula. Ka buɗe da data_only=True ka adana, fomulolin sun tafi, sai sakamakonsu. Hoto sai da Pillow, kayan aikin hotuna na Python, yake tsira, siffofi irin su kibiya da akwatin rubutu kuwa ɓacewa suke yi.

Malam Idrisu: Shi ya sa ga fayil ɗin wani na fi yarda da taɓa kaɗan. A buɗe zip, a gyara XML na shafin da iyakar jadawalin kaɗai, sauran sassan a kwafe su yadda suke. A kuma sa fullCalcOnLoad a workbook.xml don Excel ya sake lissafi da zarar an buɗe.