Neman Nufin Allah Kafin Yanke Shawara: Abin da 'Yan'uwa Suka Ce

Tambayar da ta tayar da zancen ita ce: in Kirista ya tsaya tsakanin hanyoyi biyu, ko kan batun aure ne ko na sauya aiki, ta yaya zai gane wadda Ubangiji yake so?

Kan addu'a babu gardama. An tuna da Yakubu 1:5, inda aka ce wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah. An kuma yarda cewa abin da Littafi Mai Tsarki ya riga ya hana ba ya bukatar azumin neman amsa.

Inda aka daɗe shi ne batun alama. Wasu sun kawo Gidiyon da ulun da ya shimfiɗa har sau biyu don neman alama daga Allah a Littafin Mahukunta sura 6. Wasu suka ce ai wannan raunin bangaskiya ne da Allah ya yi haƙuri da shi, ba tsari ba ne da aka ba mu. Ni dai na fi karkata nan. Haka ma kwanciyar rai, ita kaɗai ba ta isa zama alama ba: wata 'yar'uwa ta tuna mana cewa Yunusa barci yake sharɓa cikin jirgi alhali gudun umarnin Allah yake yi.

Shawarar dattawan ikkilisiya ta samu goyon baya, da sharaɗin kada mutum ya nemi waɗanda za su faɗa masa abin da kunnensa ke so kawai.

Masu jiran murya daga sama kuwa, an nuna musu Ayyukan Manzanni 16, inda jagora ta zo ana cikin tafiya, ba ana zaune ana jira ba. Bulus yana cikin tafiya Ruhu ya hana shi shiga Bitiniya, sai a Taruwasa ya ga wahayin mutumin Makidoniya.